Liyafa a gonar inabi ta Franschhoek: in je ko in ba da haƙuri?

Ɗalibar Stellenbosch:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya mini a rai kwana biyu, na ce bari in kawo ta nan, tunda akwai waɗanda suka riga ni zama a ƙasar nan ta Afirka ta Kudu. Shekarata ta uku ke nan ina karatun digirin digirgir a jami'ar Stellenbosch. Farfesan da ke duba aikina zai yi ritaya, sashenmu ya shirya masa liyafar bankwana ranar Asabar ta sama a wani babban gidan abinci da ke tsakiyar gonar inabi a Franschhoek. Mutum 14 aka gayyata, ni kaɗai ce ɗaliba, kuma shi da bakinsa ya ce a sa sunana. Lokacin da mahaifina ya rasu na koma gida na yi wata uku, mutumin nan ne ya tsaya mini tsayin daka har na dawo na tarar da gurbina. Ba wanda zan yi wa uzurin ƙarya ba ne.

An turo mana jerin abincin. Kala 8 ne, ɗaya bayan ɗaya, kuma a gaban kowanne an rubuta sunan giyar da za a zuba tare da shi. Shan giya dai ba ya cikin lissafi. Tambayata biyu ce: shi abincin kansa yaya yake, sannan zaman teburin fa? Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wuraren nan ya faɗa mini gaskiya.

Baban Yara Joburg:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki je. Shekarata 16 ina kasuwanci a ƙasar nan, cinikina da yawa a irin wannan tebur aka ƙulla shi. Ki ce wa mai sabis ya ɗauke kofin giyar daga gabanki, babu wanda zai sake waiwayar ki. Mutanen Western Cape, lardin da garuruwan nan suke, sun saba da Musulmi tun ba a haifi kakanninmu ba. Ki ce kifi da ganye za ki ci, shi ke nan. Zo mu ci tuwo ai ya fi tuwon daɗi. Dattijon nan fuskarki yake son gani.

Almajirin Damagaram:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma maganar ba ta tsaya a kofinta ba. Hadisi ya zo a wajen Tirmizi da Ahmad cewa wanda ya yi imani da Allah da ranar lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Ba a ce kada ya sha kawai ba, zaman aka hana. Kuma wannan ba otal ba ne da giya ta zo a matsayin ƙari, ita kanta ta ce kowane faranti da giyarsa. Sau 8 za a zagaya da kwalba a gabanta. Yaya, ni shawarata ki ba shi haƙuri da kyakkyawan lafazi.

Kuku a Franschhoek:
Salamu alaikum. Ni ɗan zangon Kumasi ne, shekarata 7 a kicin ɗin garin nan, daga wankin tukwane na fara. Ba zan faɗi gidan da nake ba. Hukunci na malamai ne, amma abin da ke cikin tukunya ni zan iya faɗa miki, don "kifi da ganye" da Alhaji ya ce ba ya wadatarwa.

Ki fara da baƙin romon nan mai sheƙi da ake ɗiga cokali biyu a gefen naman rago. Kwana biyu ake dafa shi da ƙashi, kuma da jar giya ake ɗaure shi. Idan an soya nama, abin da ya kama a gindin kasko da giya ake wanko shi a mayar cikin romon. Kifi kuma, miyar man shanun da ake yi masa da farar giya ake fara ta. Risoto, shinkafar Italiya mai danƙo, ita ma haka, ko da babu nama a ciki. Kayan zaƙi na ƙarshe akwai mai giyar birandi, akwai mai jelatin, shi kuma wani na saniya ne wani na alade, sai an duba kwali. Har ɗan abin buɗe baki da ake kawowa kyauta kafin a fara, sau da yawa akwai busasshen naman alade a ciki, kuma shi ba a rubuta shi a takarda.

Naman kansa ba shi ne babbar matsala ba. Mahaucin da ke kawo mana rago da kaza yana da takardar halal. Amma naman daji irin springbok harbinsa ake yi, kuma duk a kicin ɗaya ake sarrafa komai. Shi ya sa hukumomin halal irin MJC da SANHA ba sa ba gidan da ke sayar da giya takarda. Idan kika ga an rubuta "halaal friendly", wannan gidan ne ya ba kansa suna, ba wata hukuma ba.

Abin da zan shaida shi ne, manyan gidajen nan suna ɗaukar maganar abin da baƙo ba ya ci da muhimmanci. Idan kika kira kwana biyu kafin ranar, kika ce ba giya ko ɗigo, ba alade, ba jelatin, za a rubuta a allo, a ware miki ƙaramar tukunya a yi miki romonki daban. Na sha yin wannan da hannuna. Amma idan sai kin zauna sannan kika faɗa, romon an riga an gama shi tun jiya, abin da za a yi kawai a cire miki shi a ba ki nama gaya.

Mai Shago a Bellville:
To amma ai an ce wuta tana ƙone giyar gaba ɗaya, ƙamshin ne kawai ke saura. Ni haka wani kuku ya taɓa faɗa mini.

Mai Haɗa Magunguna:
Ɗan'uwa, wannan magana ta yaɗu amma ba haka take ba. An auna abin. Akwai binciken da aka buga a Amurka a 1992, wanda ma'aikatar noma ta ƙasar ta shigar da alƙalumansa cikin jadawalinta. Idan an zuba giya a romo mai tafasa aka sauke nan take, kashi 85 cikin 100 na barasar yana nan. Idan an cinna mata wuta a kasko, irin wadda kake ganin harshen wuta ya tashi, kashi 75 ya rage. Dafuwar minti 15 tana barin kashi 40, awa ɗaya kashi 25, awa biyu da rabi kashi 5. Yana raguwa sosai, amma cewa ya ƙare ƙurmus, a'a. Kuma ko ya ƙare, tambayar malamai ta fara ne daga zuba ta da gangan.

Uwar Biyu:
Ni abin da ya ɗaure mini kai daban ne. Mijina ya taɓa kai ni irin wurin nan wajen Constantia, mun kira tun da wuri kamar yadda Kuku ya ce. Faranti kamar faifai, abinci loma biyu a tsakiya, awa uku muna zaune, kuɗin mutum ɗaya ya haura rand 2,000 ban da tukuicin masu sabis. Wallahi abin ya tsaya mini, don na san gidajen da wannan kuɗin zai ciyar da su wata guda a Zariya. Ko babu giya, ba almubazzaranci ba ne?

Kuku a Franschhoek:
Hajiya, na fahimce ki, ni ma ranar da na fara ganin kuɗin sai da na riƙe baki. Amma bari in kare sana'ata kaɗan. Loma biyun nan, mu kusan 20 ne a kanta tun ƙarfe 9 na safe. Akwai mai zuwa lambu ya tsinko ganye kafin rana ta yi zafi, akwai mai burodi, akwai wanda aikinsa duk yini cire ƙayar kifi da ɗan hantsaki. Kala 8 idan kika haɗa, ciki yana cika. Kuma kayan da ƙasar nan ke da su abin a yaba ne: ragon Karoo da ke kiwo a cikin ciyayi masu ƙamshi har naman ya ɗauka, kifin snoek, ɓaure, zaitun, zumar da ƙudan zuma ke yi daga furannin dutse. Wanda ya san wahalar dambun nama na gaske, ko yadda ake shanya kilishi a shafa masa labu a sake shanyawa, ya san abu kaɗan yana iya cin aikin kwana uku. Almubazzaranci ne ko ba shi ba ne, ya danganta da aljihun mutum da wanda ya bari da yunwa a gida. A nan kuma ba ita za ta biya ba.

Almajirin Damagaram:
Kuku, kar ka ji haushina, tambaya ce ta ɗan'uwa. Kai fa? Ka ce da hannunka kake haɗa romon nan. Ka san hadisin mutum goma da aka la'anta a kan giya, har da mai ɗaukar ta da mai zuba ta da mai cin kuɗinta.

Kuku a Franschhoek:
Ban ji haushi ba Malam, don tambayar da nake yi wa kaina ce kullum idan na idar da sallar asuba. Shekara uku da suka wuce na roƙi babban kuku ya mayar da ni ɓangaren burodi da ganyaye, ya amince, yanzu hannuna ba ya taɓa kwalba. Amma ba zan yaudare ka ba, albashina daga asusun da kuɗin giya ke shiga yake fitowa. Wanda bai yi aikin ba bai san wannan ba: ribar abinci kaɗan ce, kwalbar ce ke riƙe da gidan. Gonaki da yawa ma don a ɗanɗana giyarsu a saya suka buɗe gidan abincin. Mun gani da idonmu a 2020, da gwamnati ta hana sayar da giya daga 27 ga Maris saboda korona, ta buɗe a Yuni, ta sake rufewa a Yuli, ta kuma rufewa a ƙarshen Disamba. Ko lokacin da aka bar mu mu dafa abinci, tebura babu kowa, an rage mana kwanakin aiki, wasu abokaina ba su dawo ba har yau. Ina da uwa da ƙanne huɗu a Kumasi. Ina tara kuɗi in buɗe nawa ƙaramin wuri mai takardar halal a Cape Town. Ku sa ni a addu'a.

Almajirin Damagaram:
Allah ya ba ka mafita ta kusa, ya sa albarka a niyyarka. Na gode da ba ka ɓoye ba.

Malamar Tarihi:
Ku ba ni dama in ƙara wani abu, don duk wanda ya zauna a farfajiyar nan yana kallon duwatsu da fararen gine-gine, ya kamata ya san ƙasar da ya taka.

An fara matse inabi a Cape a 1659, zamanin Jan van Riebeeck, shugaban farko da Kamfanin Holan ya ɗora a Cape. An kafa Stellenbosch a 1679. A 1685 sarkin Faransa Louis na 14 ya soke dokar da ta ba Kiristoci 'yan Furotesta 'yancin addini, suka watse, kusan 200 daga cikinsu suka iso Cape wajen 1688. Kamfanin Holan ya yanka musu gonaki a kwarin da a da ake kira Olifantshoek saboda giwaye, ƙasar kiwon mutanen Khoe, 'yan asalin yankin. Daga nan sunan ya koma Franschhoek, wato kusurwar Faransawa, shi ya sa gonakin ke da sunaye irin La Motte da La Provence, kuma har yau suna bikin Bastille, ranar ƙasa ta Faransa, a watan Yuli.

Wannan shi ne labarin da ake ba baƙi. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne wa ya yi noman. Bayi ne, da aka kwaso daga Indonesiya da Indiya da Madagaska da Mozambik, da yawansu Musulmi ko waɗanda suka musulunta a nan. Shehu Yusuf na Makassar a Indonesiya, da Holan suka koro daga ƙasarsa, a 1694 aka sauke shi a gonar Zandvliet, kusa da inda ake kira Macassar yanzu. A bakin gonar inabi ta Klein Constantia akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah, mutane na ziyartarsa har gobe. Matan da suka yi girki a kicin ɗin gonakin nan su suka kawo kurkum da kirfa da kanumfari da tsamiya cikin abincin Cape. Bobotie, bredie, sosatie, atjar, duk hannunsu ne. Yau sai ka ga an ɗauko ɗanɗanon nan an ƙawata shi a faranti, an haɗa shi da farar giya, jikokin masu shi kuma ba za su iya ci a wurin ba. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai.

An soke bauta a 1834, amma sai da aka tilasta musu ƙarin shekara 4 na aiki. Ƙanwata, idan kika taso daga Stellenbosch ta hanyar Helshoogte za ki ratsa ta Pniel, garin da aka kafa a 1843 don 'yantattun bayi. Bayan bauta kuma sai tsarin dop ya ci gaba, wato a biya lebura wani ɓangare na ladansa da giya, ana auna masa safe da rana da yamma. Doka ta hana shi tun farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990. Sakamakonsa shi ne yaran da ake haifa giya ta riga ta taɓa musu ƙwaƙwalwa tun a ciki, kuma yankunan gonakin Western Cape suna cikin wuraren da abin ya fi yawa a duniya.

Baban Yara Joburg:
Malama, tarihi ne mai amfani, amma yarinyar nan cin abincin dare ta tambaya. In da tarihi za a bi, ai ko shayi da sukari ba za mu sha ba.

Malamar Tarihi:
Alhaji, ba tsohon labari kawai ba ne. A ƙarshen 2012 leburorin gonakin inabi suka fara yajin aiki a De Doorns, ya bazu zuwa garuruwan yankin. Rand 69 ake biyan su a yini, suna neman 150, an rasa rayuka, a ƙarshe gwamnati ta mayar da shi 105 daga Maris 2013. Ka kwatanta da kuɗin da Hajiya ta ambata na mutum ɗaya a dare ɗaya. Ban ce kowace gona azzaluma ce ba, akwai masu gyara da gaske. Na dai ce idan Allah ya hana abu, ɓarnarsa ba ta tsaya a kan mai sha ba, kuma a kwarin nan ana ganin ta da ido.

Kuku a Franschhoek:
Gaskiya ne. Yawancin waɗanda muke aiki tare daga unguwannin Groendal da Langrug suke zuwa, tafiyar 'yan mintuna daga babban titin da baƙi ke yawo, amma kamar wata ƙasa daban. Sai dai a faɗi alheri ma. Reuben Riffel a Groendal ya tashi, ya buɗe gidan abincinsa a garin a 2004, ya zama ɗaya daga cikin sanannun kukun ƙasar nan, yara da yawa a unguwar shi suke kallo. Margot Janse, da ta shugabanci kicin ɗin Tasting Room na Le Quartier Français har sunansa ya shiga jerin manyan gidajen abinci na duniya, ita ta kafa shirin Isabelo na ciyar da yaran makarantun kwarin. Sana'ar nan ta fitar da mutane daga talauci, ni shaida ne.

Ɗalibar Stellenbosch:
Allah ya saka wa kowa da alheri, ina karantawa ɗaya bayan ɗaya. Yaya Kuku, na kira su ɗazu. Matar da ta ɗauka ta ce za su iya cire giya da alade a duka kala 8, kuma suna da jerin abin sha marar giya da ake haɗawa da kowane faranti. Mene ne a cikin irin wannan?

Kuku a Franschhoek:
Galibi shayin rooibos mai sanyi, ruwan tuffa ko na inabi da ba a bari ya yi tsami ba, ganyen buchu, citta, lemun tsami. Akwai verjus, ruwan ɗanyen inabi da ake matsewa tun bai nuna ba, yana da tsami mai daɗi kuma babu barasa a cikinsa, da shi nake maye gurbin farar giya a miyar kifi. Abu biyu za ki tambaya a kai. Na farko kombucha, wato shayin da aka tsima, da sauran irinsa, suna iya ɗaukar ɗan barasa kaɗan. Na biyu giyar da aka ce an cire mata barasa: giya ce aka fara yi cikakkiya sannan aka zuƙe, kuma ana yarda ta rage har rabin kashi ɗaya cikin 100. Wannan ki ce ba kya so.

Dattijon Zaure:
Assalamu alaikum. Na bi maganar tun daga farko. 'Yata, ni ba mai fatawa ba ne, amma na ga an cakuɗa abubuwa uku, gara a raba su.

Na ɗaya abin da ke cikin farantinki. Wannan Kuku ya warware shi, kuma da alama za a iya tsarkake shi idan gidan masu amana ne. Ko binega da za ki gani a jerin kada ya tayar miki da hankali da yawa: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi khal, wato binega, a hadisin Muslim, kuma malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye ta zama khal da kanta ta tsarkaka, saɓaninsu a kan wadda aka juyar da gangan ne.

Na biyu teburin. A nan hadisin da ɗana na Damagaram ya kawo yana nan daram, ba a ture shi da cewa zamani ya canza. Akwai malaman da suka yi rangwame ga Musulmin da ke zaune cikin waɗanda ba Musulmi ba idan akwai larura ta gaske, amma ke za ki tambayi zuciyarki ko wannan larura ce.

Na uku haƙƙin malaminki, shi ma addini ne. Wanda ya tsaya miki ranar maraici ba a juya masa baya da saƙon waya. Abin da nake gani, ki same shi ido da ido kafin ranar, ki faɗa masa dalilinki yadda yake. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Sannan ga masallacin Gujjatul Islam nan a garinku, limamansa sun sha amsa wannan tambaya. Ki je bayan Juma'a ki tambaya.

Baban Yara Joburg:
Baba, na ji kuma na girmama. Amma zan faɗi abin da ke damuna. Yaranmu suna zuwa ƙasashen nan su fi kowa ƙoƙari a aji, sai a zo rabon aiki a ba wanda aka ci abinci da shi. Ba ƙiyayya ba ce, ɗan Adam ne, wanda ya sani yake tunawa. Mutum 14, duk manyan fanninta, ita kaɗai ɗaliba. Irin wannan ƙofa ba kullum take buɗuwa ba. Na ga masu ilimi da yawa sun koma gida hannu rabbana saboda sun ƙi shiga mutane, kuma abin yana ƙona mini rai.

Almajirin Damagaram:
Alhaji, abin da ka faɗa yana faruwa, ban musa ba. Amma shiga mutane hanyarsa da yawa. Akwai ofis, akwai taron ƙara wa juna sani, akwai shan shayi da rana. Arziki kuma ba a teburin kowa yake ba.

Uwar Biyu:
Ƙanwata, duk abin da kika yanke, ki kai masa tsaraba ta gida. Turawan nan suna daraja abin hannu. In kina da hula ko jakar fata ta Kano, ta fi duk abin da za ki saya a kanti.

Ɗalibar Stellenbosch:
Salam jama'a, na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. Na bi shawarar Baba. Bayan Juma'a na yi magana da wani malami a masallaci, ranar Litinin kuma na shiga ofishin Farfesa na faɗa masa komai, har da hadisin. Ya yi shiru na ɗan lokaci, na ga abin bai yi masa daɗi ba. Sai ya ce shi ɗan manomin inabi ne, a gona ya girma, bai taɓa tunanin teburin kansa zai iya zama matsala ga wani ba, ya ɗauka kofin ne kawai. Ya tambaye ni ko zan zo yawon gona da aka shirya kafin a zauna.

Na je. Ƙarfe 4 muka isa, ƙarshen kakar inabi ne, ana ta kwasar na ƙarshe a akwatuna. Mun zaga lambun kusan awa biyu, na gaisa da kowa, na yi magana da mutum uku a kan aikina, ɗaya ta karɓi adireshina na imel. Na ba shi jakar fata da na taho da ita daga Kano, ya rataya ta a kafaɗa har muka gama yawon. Yaya Kuku, ashe matar da na kira ta rubuta sunana, sai ga mai sabis ya kawo mini burodi mai zafi da man zaitun da ɓaure da kofin verjus da ruwa mai sanyi a ƙarƙashin bishiya. Ban taɓa cin burodi irinsa ba. Da aka kira mutane tebur na yi sallama na tafi.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Wata malama a sashenmu ta ce mini ranar Litinin an riga an biya kuɗin kujerata, kuma tun daga nan gaisuwarta ta yi sanyi. Na kuma ji cewa a teburin an yi maganar wani sabon aikin bincike da za a nemi mutum a kai. Alhaji, na tuna da kai. A hanyar dawowa ta Pniel na bi bayan wata babbar mota cike da leburori a tsaye a baya, mata da maza, har da masu ɗankwali irin nawa. Na tuna da Malama.

Baban Yara Joburg:
Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ni har yanzu da kin zauna, amma tunda kin je kin nuna fuska, an rage asara. Wadda ta karɓi adireshinki kada ki jira ta, ki rubuta mata gobe da safe, ki haɗa da taƙaitaccen bayanin aikinki shafi ɗaya. Maganar sabon aikin kuma ki tambayi Farfesa kai tsaye tun bai kwashe kayansa daga ofis ba.

Kuku a Franschhoek:
Ita malamar da ta yi fushi, ki kai mata wani abu da kika dafa da hannunki, kuɗin kujera a irin gidajen nan ba a mayarwa, tana da hujjar jin zafi. Burodin da kika ci kuwa, in irin namu ne, kwana biyu ƙullunsa ke kwana a sanyi kafin ya ga wuta. Idan hunturun nan ya shiga, wajen Yuli zuwa Satumba, furen ruwan da ake kira waterblommetjie zai fito a tafkunan gonaki. Ki sayi ragon halal a Paarl ko nan Stellenbosch, ki yi mini magana, in rubuto miki yadda ake bredie, wato miyar nama, da shi irin na matan Bo-Kaap, unguwar Musulmi a Cape Town: albasa, dankali, barkono, sai ruwan lemun tsami a ƙarshe.